Zaɓen Ƙananan Kifayen Ado 'Yan Dangin Karfasa da Kiwonsu a Akwatin Gilashi

Kiwon kifi ba baƙon abu ba ne ga jama'armu, musamman kiwon tarwaɗa da karfasa da ake yi a kududdufai da tafkunan siminti domin ci da sayarwa. Amma akwai wani reshe na wannan sana'a da ba a cika yin bayaninsa da Hausa ba, wato kiwon kifin ado, wanda ake ajiyewa a cikin akwatin gilashi a gidaje da makarantu da ofisoshi da ɗakunan jira na asibitoci. Sau da yawa mutum kan shiga birni ya ga waɗannan kifaye masu launi, su ba shi sha'awa, ya saya ya kawo gida a cikin leda, kafin mako ya zagayo duk sun mutu. Daga nan sai ya ɗora laifin a kan mai sayarwa. Wani lokaci laifin mai sayarwar ne, amma galibi asarar daga abubuwa biyu take fitowa: an zaɓi kifi marar lafiya tun a shago, ko kuma an zuba shi cikin ruwan da ba a shirya ba tare da abokan zaman da ba su dace da shi ba. A nan za mu yi bayani a kan rukuni ɗaya na waɗannan kifaye, domin amfanin masu sha'awar kiwon, da malaman gona, da jami'an ƙananan hukumomi waɗanda jama'a kan tunkara da tambaya.

Waɗanne kifaye ne ake nufi

Karfasar da muke ci tana cikin wani babban dangi na kifaye da masana ke kira siklid, wanda aka tantance ire-irensa sama da 1,600, mafi yawansu a Afirka da Amurka ta Kudu. A cikin wannan dangi akwai ƙanana waɗanda ko sun gama girma da kyar suke wuce tsawon santimita 10, wato kamar tsawon ɗan yatsa na tsakiya ko fiye da haka kaɗan. Su ne abin da wannan bayani ya shafa. Halinsu halin karfasa ne: suna ware wa kansu fili a ƙasan ruwa, suna kare shi, kuma suna renon ƙwai da 'ya'yansu maimakon su watsar da su kamar yadda kifaye da yawa ke yi. Wannan hali shi ne abin sha'awa a gare su, kuma shi ne tushen duk wata rigima da za a gani a cikin akwatin.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa ɗan ƙasarmu ne. Sunansa na kimiyya Pelvicachromis pulcher, masu sayarwa kuma sun fi saninsa da kiribensis. Yana rayuwa a ƙoramun kudancin Nijeriya da gaɓar tekun Kamaru, kuma samfurin da masanin nan George Boulenger ya yi amfani da shi wajen bayyana shi a shekarar 1901 daga kogin Ethiope aka kamo shi, a yankin Sapele na jihar Delta ta yanzu. Sunan kiribensis daga garin Kribi na Kamaru ya samo asali, kuma a gaskiya sunan wani ɗan uwansa ne aka laƙaba masa bisa kuskure har ya bi shi. A yau wannan kifi yana cikin shagunan Turai da Amurka da Asiya, alhali mutanenmu da yawa ba su san daga gida ya fita ba. Namijin ya fi tsawo, yakan kai santimita 10 ko ya ɗan wuce, fikafikansa na sama da na ƙasa masu tsini ne. Macen gajeriya ce, mai zagayayyen ciki, kuma idan ta shirya yin ƙwai cikin nata kan yi ja jawur mai shiga shunayya. Yana jure sauyin ruwa fiye da sauran, yana cin kusan duk abin da aka ba shi, kuma yana hayayyafa ba tare da wahala ba.

Daga yammacinmu, a Saliyo da Gini da Laberiya, akwai Anomalochromis thomasi, kifi mai sanyin hali wanda bai cika wuce santimita 8 ba, shi ma ya dace da mai farawa. Daga Amurka ta Kudu kuma akwai dangin Apistogramma masu ire-ire da dama, da kuma wanda ake kira ram, wato Mikrogeophagus ramirezi, na filayen kogin Orinoko da ke ƙasashen Benezuwela da Kolombiya. Ram shi ne ya fi ɗaukar ido a shago, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa a hannun wanda bai ƙware ba, domin yana bukatar ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 27 zuwa 30, mai laushi, mai tsabta ƙwarai. A ganinmu bai kamata kowa ya fara da shi ba. Wanda ya ƙwallafa rai a kan irinsa, gara ya nemi ɗan uwansa na ƙasar Bolibiya, Mikrogeophagus altispinosus, wanda launinsa bai kai na farko ba amma ya fi shi ƙarko nesa ba kusa ba.

Yadda ake gane mai lafiya

Kada a yi gaggawar nuna kifi a ce a kamo. A tsaya gaban akwatin mai sayarwa aƙalla minti goma, a ɗan ja baya domin kifayen su saki jiki, kuma a fara duba akwatin gaba ɗaya kafin a dubi kifi ɗaya. Idan akwai mataccen kifi yana yawo a sama ko ya maƙale a jikin matata, ko ruwan ya yi duhu yana wari, ko an rina shi da shuɗi ko kore alamar ana ba da magani, to a bar wannan akwatin dungurungum ko da akwai kifin da ya yi kyau a ciki. Ruwa ɗaya suke sha, cutar da ta kama ɗaya tana jikin sauran ko da ba ta bayyana ba tukuna.

Kifi mai lafiya yakan buɗe fikafikansa, ya riƙa zagaya ƙasan akwatin yana tsintar abinci, yana korar na kusa da shi. Marar lafiya kuwa yakan matse fikafikansa a jiki, ya rakuɓe a lungu ko bayan bututu, launinsa ya yi baƙi-baƙi ko ya kwashe. A dubi ciki da kyau. Cikin da ya lotsa ya shige, tare da ƙeya da ta rame har kai ya zama kamar ya fi jiki girma, alama ce ta tsutsar ciki ko doguwar yunwa, kuma irin wannan kifin da wuya ya farfaɗo. Haka nan cikin da ya kumbura har ɓawon jiki ya miƙe tsaye alama ce ta ciwon da ya riga ya yi nisa. A dubi kashin da ke fita: idan fari ne siriri kamar zare yana bin kifin, akwai matsala a hanji. A dubi murfin numfashi da ke gefen kai: idan yana buɗewa da rufewa da sauri, ko gefe ɗaya ya tsaya, ko kifin ya hau saman ruwa yana haki, a ƙyale shi. Ƙananan fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki da fikafikai, tare da goga jiki a dutse, su ne alamun cutar farin ɗigo, wadda ta fi kowace cuta yaɗuwa a wannan kiwo. Ƙananan ramuka a goshi da kewayen ido kuma cuta ce da dangin karfasa suka yi suna da ita. Ido ya zama garau, ba hazo, ba kumburi, kuma ƙashin baya ya miƙe ba karkacewa.

Mafi kyawun gwaji shi ne a roƙi mai shagon ya zuba abinci a gaban mai saye. Kifin da ya rugo ya ci, ya haɗiye, shi ne abin saye. Wanda ya ɗauka ya tofar har sau biyu sau uku, ko ya yi ko in kula, a bar shi. A kuma tambayi ranar da kayan suka iso. Kifin da ya sha doguwar tafiya a mota ko jirgi yakan yi kwanaki kafin raunin tafiyar ya bayyana, saboda haka wanda ya yi mako ɗaya ko biyu a shago yana cin abinci ya fi wanda aka sauke jiya. Ba ma ba da shawarar sayen irin da aka sauya wa siffa, masu dunƙulallen jiki kamar balan-balan, domin ba su da ƙarko. Sa'annan mafi girma a cikin akwati ba shi ne mafi alheri ba, kasancewar waɗannan kifaye 'yan shekaru kaɗan suke rayuwa, babba yana iya zama ya riga ya ci rabin zamaninsa. Matashi mai cikakken jiki ya fi.

Idan kiribensis ake so, a lura ko akwai namiji da mace da suka ware kansu suna tafiya tare suna korar sauran. Waɗannan sun riga sun zaɓi juna, su za a saya. Haɗa baƙin juna biyu a ƙaramin wuri kan ƙare da ɗaya ya addabi ɗaya har ya mutu.

Shirya akwatin da ruwansa

Akwatin za a fara shiryawa, kifi ya biyo baya da makonni. Tunda a ƙasa waɗannan kifaye ke zama, faɗin ƙasan akwatin ya fi tsayinsa muhimmanci. Domin sanin yawan ruwan da akwati ke ɗauka, a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40, yana ɗaukar lita 112, kuma ya isa namiji da mace ɗaya tare da garken ƙananan kifaye masu iyo a sama. A tuna cewa kowace lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya gare ta, ban da gilashi da yashi, don haka teburin da za a ɗora shi ya zama mai ƙwari kuma a daidaice. Kada a ajiye shi inda rana ke bugu kai tsaye.

A shimfiɗa yashi mai laushi wanda aka wanke shi sarai har ruwansa ya fita garau, domin suna son tonawa da tace yashi a baki. A tanadi maɓoya: ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa da aka kifa aka fasa mata ƙofa, ko rabin ɓawon kwakwa da aka kankare aka tafasa. Maɓoyar ta fi yawan kifayen, kuma a sa itace ko duwatsu ko tsirrai a tsakani yadda kifin da ke wannan gefe ba zai riƙa hango na wancan gefe ba. Abin da kifi bai gani ba, ba ya kora. Tsiron Anubias, wanda shi ma asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ba ya bukatar haske mai yawa, kuma a jikin itace ko dutse ake ɗaure shi ba a binne shi ba.

Abin da ya fi kashe sababbin kifaye ba a ganinsa da ido. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta hanyar numfashi da kashi, ragowar abinci ma idan ta ruɓe tana ƙara shi, kuma guba ne. A cikin akwatin da ya daɗe akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a cikin soson matata, su ke mayar da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, sa'annan su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma ana rage shi ta hanyar sauya ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Saboda haka a cika akwatin, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kullum domin su sami abin ci, a jira. Wanda ya sami tsohon soso daga akwati mai lafiya zai rage wannan jira. Daga nan kuma za a gane dalilin da ya sa ba a wanke soson matata da sabulu ko da ruwan famfo: a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi a mayar.

Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin da ake sawa domin lafiyar mutane, amma yana ƙona mashaƙar kifi. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya wuni, ko a sa masa maganin cire kulorin da ake sayarwa, wanda shi ne ya fi tabbas. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulorin, amma sukan fito da ƙarancin iska, wasu kuma da tsatsa ko kauri, su ma a bar su su kwana. Duk ruwan da aka tara a rufe shi da gidan sauro, kada a gyara wa kifi a ɓata wa iyali. Bokitin kifi ya zama nasa shi kaɗai, wanda bai taɓa ganin garin wanki ko maganin feshi ba. Wannan magana ta feshi muna jaddada ta, musamman a karkara: maganin sauro na fesawa, da fiya-fiya, da maganin ƙwari na gona da ya maƙale a hannu, kowannensu kaɗan ya isa ya ƙarar da akwati guda. Idan za a yi feshi a ɗaki, a kashe injin iska, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane har warin ya wuce.

Kiribensis ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 27. Yanayinmu na arewa yana fita daga wannan iyaka ta gefe biyu. Da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, sanyin dare kan sauke zafin ruwan ƙaramin akwati ƙwarai, kuma a irin wannan lokaci ne cutar farin ɗigo ta fi ɓarkewa. Da bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin kwano kan dafa ruwan, alhali ruwa mai zafi iskar da yake riƙewa ba ta kai ta mai sanyi ba. Lalle ne a sami ma'aunin zafi a manna. Da sanyi a yi amfani da hita mai kashe kanta, ko a lulluɓe akwatin da bargo da dare. Da zafi a ɗaga murfi, a sa fanka ta riƙa busa saman ruwa, a rage abinci. Ɗaukewar wutar lantarki ma abin shiri ne: ƙaramin injin iska mai batir ko mai aiki da hasken rana ba shi da tsada idan aka kwatanta da kifin da zai ceta, kuma inda wuta ba ta zama, gara a rage yawan kifi tun farko.

Abokan zama

Ƙa'idar ita ce a bar wa siklid ƙasa, a sa masu iyo a tsakiya da sama. Ƙananan kifayen tetra masu tafiya a garke sun dace, a sa aƙalla shida na iri ɗaya, domin ganinsu suna yawo a fili kan sa siklid ya saki jiki ya fito daga maɓoya. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin kifi mai ƙyallin shuɗi a saman ido, Poropanchax normani, wanda aka fara bayyana shi a 1928 daga samfurin kogin Kiyawa kusa da Katagum, shi ma a sama yake zama kuma ba ruwansa da kowa. Kada a haɗa su da 'ya'yan tarwaɗa ko na karfasa, waɗanda cikin 'yan watanni za su girma su haɗiye su. Kada a haɗa su da jan siklid na dangin Hemichromis da ake samu a kogunanmu, mafaɗaci ne, haka ma siklid na tafkin Malawi. Kifin zinariya na ruwan sanyi ne kuma ƙazantarsa ta yi yawa. Masu dogayen jela a hankali suke iyo, ana yage musu ita. Ma'aurata biyu na kiribensis a akwatin da bai kai mita ɗaya ba, fitina ce kawai.

Sabon kifi ba a zuba shi kai tsaye cikin tsofaffi. A ware shi a wani ƙaramin akwati na mako biyu zuwa huɗu ana lura da shi, kamar yadda makiyayi mai hankali ba ya sakin dabbar da ya sayo daga kasuwa cikin garke ran nan. Ranar sakawa, a ɗora ledar a rufe a saman ruwa na minti 15 zuwa 20 domin zafin ya daidaita, a riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sa'annan a ɗauke kifin da raga, a zubar da ruwan ledar a waje.

Abinci sau biyu a rana ya isa, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Binciken da aka yi a kogin Sombreiro na jihar Ribas ya nuna cewa gansakuka da gutsattsarin tsirrai su suka fi yawa a cikin kiribensis na daji, don haka abincinsa kada ya zama na nama zalla. A nemi mai nutsewa ƙasa, a riƙa haɗawa da tsutsotsin sauro lokaci-lokaci. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan tare da dattin ƙasa, a maye shi da wanda aka tanada. Kwashe ruwan duka a wanke akwatin tas, kamar yadda wasu ke yi da kyakkyawar niyya, shi ke mayar da shi sabo ya kashe kifin.

Idan zama ya yi daɗi, wata rana za a nemi macen a rasa. Tana cikin tukunya, ta manna ƙwai a rufinta. Sukan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku, bayan kamar mako guda kuma iyayen su fito da 'ya'yan a dunƙule suna kiwonsu kamar kaza da 'yan tsaki, wanda ya ɓace a ɗauko shi a baki a mayar. A wannan lokaci kifin da aka sani da sanyin hali kan koma mafaɗaci, ya tura kowa zuwa lungu ɗaya. Idan akwatin ƙarami ne, a kwashe sauran kifayen har reno ya ƙare, wato kimanin mako uku zuwa huɗu. Mai niyyar sayarwa ya sani cewa bincike ya nuna ruwa mai tsami kan sa maza su fi yawa a cikin 'ya'yan, alhali masu saye namiji da mace suke nema.

Abin da ya shafi lafiyar jama'a da ruwayenmu

Akwai wata ƙwayar cuta 'yar dangin ta tarin fuka, Mycobacterium marinum, da ke kama kifin ado, kuma tana iya shiga jikin mutum ta yanka ko ƙujewa a hannu, ta haifar da ƙurji mai daɗewa bai warke ba. Mai rauni a hannu kada ya tsoma shi cikin akwatin, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama aiki. Wanda ya ga irin wannan ƙurji ya je asibiti, ya kuma shaida wa likita cewa yana kiwon kifi. A makarantu, malami ya kula kada yara su riƙa zuƙar bututun sauya ruwa da baki. Mataccen kifi a binne shi, kada a jefa wa kaji ko a tafkin tarwaɗa.

Muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da sarakunan ruwa, su faɗakar da jama'a cewa ba a sakin kifin ado ko tsirransa a kogi, ko madatsar ruwa, ko magudanar noman rani, ko da mutum ya gaji da kiwon. Kiribensis ɗin nan da aka saki a tsibiran Hawai na Amurka ya zauna ya hayayyafa a can. Giwan ruwa da aka zuba a tafkin Biktoriya tun shekarun 1950 ya yi sanadin ɓacewar ire-iren ƙananan siklid masu yawan gaske da babu su a ko'ina sai can. Baƙon kifi kuma yana iya shigo da cutar da karfasarmu ba ta saba da ita ba, masunta da masu tafkuna su kwana ciki. Wanda kifi ya yi masa yawa ya mayar wa mai shago, ko ya ba wani mai kiwo, ko ya kai wa makarantar da ke da akwati. Masu neman ƙarin bayani na fasaha su tuntuɓi sashen kula da kifi na ma'aikatar gona ta hannun malamin gona na yankinsu, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja.